Tambaya da Amsa: Shin Ninka Kuɗi Zai Iya Karya Gidan Caca?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Gyaran waya nake yi. Abokina da muke rumfa ɗaya ya shiga wasan rulet a waya, wato cacar faifan da ake juyawa mai lambobi ja da baƙi, ya sayi wata dabara a Telegram naira 15,000. Yana zuba 500 a kan ja, in an cinye ya ninka zuwa 1,000, sai 2,000, har sai ya ci, sannan ya koma 500. Jarinsa kusan 130,000 ne, kuma sati uku ke nan kullum yana tashi da ribar dubu huɗu ko biyar. Yanzu ya ce in ba shi adashena na 130,000 da zan kwasa ƙarshen wata, jari ya ƙaru mu raba riba. Na san hukuncin caca, amma lissafinsa ya tsaya mini a rai, na kasa gano inda kuskuren yake. Daga mai gyaran waya, Farm Centre, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka ba shi kuɗin nan. Na fara da wannan ne saboda ƙarshen wata ya matso, bayanin kuma ga shi.

Tun da ka ce ka san hukuncin caca, wanda ke cikin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ba zan maimaita maka ba. Na kuma ji daɗi da ka tambayi lissafin, domin na ga samari da yawa da suka san hukuncin sarai, amma lissafin ƙarya ya rinjaye su don ba wanda ya zauna ya warware musu shi.

Lokacin da nake koyar da lissafi a sakandare, nakan shiga aji da kwanon sha da murafen kwalba 37 a ciki. Na shafa wa 18 jan fenti, 18 baƙi, guda ɗaya kuma kore. Yaro zai rufe ido ya zaro ɗaya, mu rubuta a allo, ya mayar, a girgiza kwanon. Faifan rulet na Turai ke nan ba ragi ba ƙari: gurbi 37, daga sifili zuwa 36, sifilin kore ne. Wanda ya zuba a ja yana ganin kamar raba daidai ne, alhali murafe 18 ne nasa, 19 na gidan caca. Wanda kuma ya zaɓi lamba ɗaya, in ya ci ana biyansa ninki 35, alhali da adalci za a yi ninki 36 ya kamata. Wannan ɗan giɓin shi ne kason gida, kashi 2.7 cikin ɗari. A cikin kowace naira 10,000 da ta ratsa teburin, 270 ta gida ce idan aka daɗe ana wasa. Faifan Amurka ya ƙara gurbi ɗaya mai sifili biyu (00), gurbi 38 ke nan, kason ya haura zuwa 5.26.

Dabarar da aka sayar wa abokinka sunanta Martingel, kuma tun ƙarni na 18 'yan cacar Faransa suka san ta. Ɗauko biro mu bi ta. Zubi takwas a jere: 500, 1,000, 2,000, 4,000, 8,000, 16,000, 32,000, 64,000. Jimla 127,500, jarinsa ke nan kaf. Duk zagayen da ya ci, wato daga zubin 500 har ya dace, ko a zubi na farko ko na takwas, ribarsa 500 ce tak. Ka dubi zubi na takwas ɗin nan da kyau: mutum ya riga ya rasa 63,500, hannunsa na rawa, yana danna 64,000 don ya samu kuɗin kati.

Faɗuwa sau takwas a jere tana zuwa kusan sau ɗaya a cikin zagaye 207. Wato zai ci sau 206, ya tara 103,000, sannan rana ɗaya ya rasa 127,500 cikin 'yan mintoci. Dabarar ba ta taɓa koren murfin nan ba, yana nan cikin kwano. Abin da ta yi kawai shi ne ta tattara ƙananan asarori ta ɗaure su a ƙunshi ɗaya, ta ajiye wa mutum a gaba.

Sati ukun da ya yi yana ci fa? Ribar dubu huɗu zuwa biyar a rana zagaye tara ne ko makamancin haka, a kwana 21 kusan zagaye 190. Idan mutum goma suka bi wannan hanya, wajen huɗu za su kai nan ba su gamu da mugun jerin ba. Abokinka yana cikin huɗun. Sauran shidan ba sa ɗora hoton asusunsu a Telegram, shi ya sa ba ka taɓa ganinsu ba.

Adashenka kuwa, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Zubi na tara 128,000 ne. Kuɗin da ka yi wata da watanni kana zubawa, danni ɗaya zai saya. Ranar asara za ta ɗan ja baya, ta koma sau ɗaya a cikin zagaye kusan 400, amma in ta zo 255,500 za ta kwashe, naka da nasa. Kuma kowane tebur yana da iyakar abin da za a iya zubawa, ko da mutum yana da buhun kuɗi akwai inda za a ce masa ninkin ya tsaya. Sauran dabarun da za a kawo masa nan gaba, irin su D'Alembert da Fibonacci da Labouchère, duk sauya girman zubi suke yi, kowane zubi kuma da kason gida a jikinsa.

Na san abin da zai ce maka: ai baƙi ba zai fito sau tara a jere ba. Ranar 18 ga Agusta 1913, a gidan cacar Monte Carlo da ke ƙasar Monaco, baƙi ya fito sau 26 a jere. Mutane suka yi ta tururuwa suna zuba wa ja, kowa na cewa yanzu kam dole ya zo, aka yi asarar miliyoyin faran, kuɗin Faransa na lokacin, a dare ɗaya. A ajina ma yara kan yi ihu idan baƙi ya fito sau biyar, su rantse ja ne na gaba. Sai in ce wa mai zarowa ya leƙa cikin kwanon ya ƙirga. Murafen suna nan 37 yadda suke, kwano ba ya tuna abin da ya fito ɗazu.

Gaskiya ne akwai waɗanda suka taɓa cin gidan caca a rulet, amma ba da ninki ba. Joseph Jagger, wani Bature ɗan Ingila mai aikin masaƙa, ya sa an yi ta rubuta masa lambobin da ke fitowa a Monte Carlo a ƙarni na 19, har ya gano faifan da ya karkace yana fifita wasu lambobi. Gonzalo García-Pelayo ya yi irin wannan a Madrid a farkon shekarun 1990. Lahanin katako da ƙarfe suka gano. Rulet ɗin da manhaja ke juyawa a cikin waya ba shi da katakon da zai karkace, kwamfuta ce ke fitar da lamba. Wanda kuma ya sayar masa da dabarar, da tana aiki da ba zai tsaya karɓar 15,000 a hannun masu gyaran waya ba.

Ka zauna da abokinka bayan an rufe rumfa, ku buɗe bayanan asusunsa na banki tun daga ranar da ya fara, ba na sati ukun nan kawai ba. Ku rubuta abin da ya tura a gefe ɗaya, abin da ya ciro a ɗaya gefen, ka nuna masa lissafin zubi takwas ɗin nan da hannunka. In ya ce zai daina, ya ciro abin da ya rage a daren, ya goge manhajar a gabanka. In kuwa ka ga ya fara taɓa kuɗin sayen kayan gyara ko wayoyin mutane da aka bar muku, kada ka rufa masa asiri, ka sami yayansa ko mahaifinsa ka faɗa musu.