Tsakanin ruwan toka da ruwan madara a falo mai taga ɗaya

Assalamu alaikum Hajiya. Na ga tambayarki cewa kina son a sake wa falonki fenti, amma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin ruwan toka da ake yayi yanzu da ruwan madara da aka saba, alhali falon taga ɗaya gare shi, kujerunki ruwan ƙasa ne, kuma akwai ƙananan yara a gidan. Ni ba mai fenti ba ne, sai dai sau uku ina tsayawa a kan aikin fentin gidana, kuma na taɓa yin asara a kan wannan ruwan tokar, shi ya sa na ga ya dace in sa baki.

A shago na zaɓi nawa, daga cikin katin launuka da suke nuna wa mai saye, a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki mai haske sosai, kuma a wurin ya yi kyau ƙwarai. Da aka gama shafa shi a falona, wanda tagarsa ke fuskantar katangar maƙwabci, sai ya zama tun daga la'asar ɗakin yana yin duhu kamar hadari ya haɗo, da dare kuma idan aka kunna farin ƙwai sai bangon ya karkata zuwa shuɗi. Ranar da mahaifiyata ta zo, ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta tambaye ni yaushe za a yi fentin, domin ta ɗauka filasta ce. Bayan wata biyu na sake sayen wani, kuma sai da aka yi shafi uku kafin tokar ta ɓuya.

Dalili shi ne launi yana ƙara ƙarfi idan ya mamaye bango, ba kamar yadda yake a ɗan kati ba, sannan mai duhu yana shanye haske, mai haske kuma yana mayar da shi cikin ɗaki. Saboda haka kada ki yanke hukunci a shago. Ki sa mai fenti ya shafa miki kowane launi a faɗin kamar mita ɗaya, shafi biyu, a bangon da ke kallon taga da kuma wanda tagar take jiki, ki bari ya bushe sarai, domin fentin ruwa yana sauya kama idan ya bushe. Ki duba shi da hantsi, ki duba da la'asar, ki sake dubawa da dare da ƙwan da kuke kunnawa, har da fitila mai caji idan an ɗauke wuta, kuma ki jingina matashin kujera da gefen labule a jikinsa. Kwana biyu sun isa idonki ya gaya miki gaskiya.

A nawa ganin, ruwan madara ne ya fi dacewa da falonki, matuƙar bai yi rawaya da yawa ba. Yana zama lafiya da kujeru ruwan ƙasa, yana buɗe ɗaki mai ƙarancin haske, kuma ƙurar hunturu ba ta saurin bayyana a jikinsa kamar yadda take yi a farin bango. Idan ranki ya kwanta da ruwan toka, ki ba shi bango ɗaya tak, wanda talabijin take jiki, a bar silin fari.

Game da yara kuwa, irin fentin ya fi launinsa muhimmanci. Fentin ruwa mai arha yana biyo tsumma idan aka goge, ya bar tabo, amma mai ɗan sheƙi da ake kira satin yana jure jiƙaƙƙen tsumma, ya fitar da sawun hannu da na miya. Sai dai sheƙi yana tona duk wani tudu da rami na bango, don haka a gyara bangon ya yi sumul tukuna. Idan kuma gindinsa yana tsatsafo da danshi a damina, a magance wannan kafin komai, in ba haka ba fentin zai kumbura ya ɓare ko da na tsada ne.

Falo mai mita 4 da 5 yana cin kusan lita 10 a shafi biyu idan fentin mai kyau ne, kuma ba a cika masa ruwa ba. Ki sayi bokiti mai lita 20 a lokaci guda, domin haɗi na biyu ba ya cika zuwa daidai da na farko, sauran kuma ki rufe shi da kyau ki ajiye a inuwa saboda gyaran wuraren da yara za su ɓata.