Zuwa kufan mahaƙar jan ƙarfe ta Cliff a lokacin kaka

Ɗan'uwa kana tambaya ko za ka iya takawa zuwa kufan mahaƙar Cliff da ke yankin Keweenaw a jihar Michigan ta Amurka yanzu da kaka. Eh ka je, wallahi ba lokacin da ya fi wannan, amma ka yi ƙoƙari tafiyar ta faɗo ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa, sauro ya ɗauke, sanyi kuma bai yi tsanani ba tukuna.

Sai dai ka kula da ƙafarka sosai. Tun wajajen 1845 aka fara haƙa a wurin, daji ya cinye ginin sai guntayen katangar dutse da tulin tsakuwar da aka fito da ita daga rami, kuma ganyen da ya zubo yana rufe ramuka, in ya jiƙe santsi gare shi kamar kuɓewa, don haka sa takalmi mai kama ƙasa, kar ka bar hanya, kar ka tafi kai kaɗai tunda sabis ɗin waya ba tabbas. In tafiyar ta kai 15 ga Nuwamba ka haƙura kawai, ranar ake buɗe farautar barewa da bindiga.