Amsa: Ganga ta ƙi fitowa gaba a waƙa

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗauki sautin kalangu da ganga a situdiyonka na Ƙofar Ƙaura, amma da ka haɗa su da fiyano da murya sai kiɗan ya koma baya, ba ya dukan ƙirji.

Fara daga ɗauka. Ɗakunan siminti irin namu na Katsina suna mayar da amo, to ka jingina katifa a bango, ka matso da makirfo irin Shure SM57 kusa da fata, tazarar yatsu uku. Da damina fata kan saki, a ɗan shanya gangar tukuna.

Amma ni ina zargin kwamfuresa ce, wato na'urar da ke matse sauti idan ya yi ƙarfi. Idan tana kamawa da sauri, takan cinye bugun farko na makaɗi, alhali a nan ƙarfin yake. Jinkirta kamun zuwa milisakan 20 ko 30, ka saita ma'aunin matsinta a 4:1. A manhajar haɗa waƙa ta FL Studio ka tura gangar layi na biyu, ka matse ta sosai, sannan ka shigo da ita kaɗan-kaɗan ƙarƙashin ta asali.

A EQ, wato na'urar daidaita kauri da kaifin sauti, rage wajen 300 zuwa 400 Hz inda sauti ke dagulewa, ka ɗaga 4 kHz kaɗan. Amsa-kuwwa kuwa, rage ta, ita ke tura kiɗa nesa. Ka gwada a lasifikar waya, tunda a nan yawancin mutane za su ji.