Tururuwar Ɗana Ta Ƙi Motsi Bayan Hunturu, Ko Ta Mutu Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Hamburg ce a ƙasar Jamus. Ɗana ɗan shekara 12 ya tsinci sarauniyar tururuwa a bakin hanya a watan Yulin bara, ya sa ta cikin kwalbar gwaji da ruwa da auduga kamar yadda ya gani a intanet. Kafin sanyi ya shigo ta samu ma'aikata wajen 15. Ya ce sunan irin Lasius niger. Tun Nuwamba ya kai su ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene, wai sai sun yi barcin hunturu. Yanzu Maris ya kama mun ɗauko su, sai muka tarar duk sun dunƙule wuri guda, wasu kamar matattu. Audugar ta yi baƙi-baƙi, ruwan ma saura kaɗan. Yaron ya damu ƙwarai. Ya kuma tara kuɗinsa ya sayi babban gidan tururuwa na gilashi, yana so ya juye su ciki yau-yau. Yaya za mu yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki fara kwantar wa yaron da hankali, domin abin da kika siffanta alamar lafiya ce. Tururuwar da ke da rai a cikin sanyi haka take yi, ta taru ta lulluɓe sarauniya da tsutsotsi, wato 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe daga ƙwai ba su gama girma ba, ba motsi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Matacciya kuwa za ki gan ta can gefe ita kaɗai, kwance a kan haƙarƙari, ƙafafu sun lanƙwashe ciki, jiki ya bushe. Idan biyu ko uku ne a haka, ba abin tashin hankali ba ne. Ma'aikatan farko da sarauniya ke renowa ƙanana ne, ba su da ƙwari sosai, kuma ba duka ke kai bazara ba. Idonku ya tsaya a kan sarauniya. Ita ce babbar, tsawonta kusan milimita 9, alhali ma'aikatan ba su wuce 3 zuwa 5 ba. Ku sa ido ga 'yan ƙahonnin nan biyu da take shinshina da su. Muddin suna ɗan karkarwa idan ɗumi ya taɓa ta, gidan yana nan da ransa.

Yaron ya yi daidai da ya kai su sanyi. Wannan baƙar tururuwar lambu ta Turai jikinta ya saba da shekara mai hunturu. Da kaka ta yi, sarauniya kan daina ƙwai, tsutsotsi su daina girma, ko da ɗakin na da ɗumi. Tana bukatar kimanin wata huɗu a sanyin digiri 5 zuwa 10, daga ƙarshen Oktoba ko Nuwamba zuwa Maris. Wadda aka hana wannan hutu takan yi ƙwai kaɗan a shekara mai zuwa, gidan ya yi ta tafiyar hawainiya. To wahalar ta wuce. Abin da nake jin tsoro shi ne makonni biyun da ke gabanku, domin a nan ne ɗokin mai kiwo ke yin ɓarnar da sanyi bai yi ba.

Kada a ɗauko kwalbar daga ƙarƙashin bene a dire ta kusa da hita, kada kuma a ajiye ta bakin taga inda rana ke bugawa. A samu wuri mai sanyi-sanyi, kamar baranda ta ciki ko ɗakin da ba a kunna wa hita, inda zai kai digiri 12 zuwa 15, su yi kwana biyar zuwa mako guda a nan. Daga nan sai a shigo da su ɗaki mai digiri 20 zuwa 24. Dalilin a bayyane yake idan kika dubi kwalbar da kyau. Tunda ruwan ya ragu, akwai iska a bayansa. Zafi na bugun gilashin farat ɗaya iskar za ta kumbura, ta turo ruwa ta cikin audugar, ya malale inda suke kwance, su kuwa ba su gama farfaɗowa ba balle su kwashe 'ya'ya su gudu. Ga kuma raɓa da ke tsattsafowa a jikin gilashi idan sanyi da zafi suka haɗu. Ɗigo guda ya isa ya manne ƙaramar ma'aikaciya har ta mutu.

Maganar ruwa ita ce ta fi gaggawa a cikin duk abin da kika lissafa. Tururuwa na iya jure yunwa na makonni, amma ƙishi da bushewa kan gama da ita cikin kwanaki. Yau ɗin nan a haɗa sabuwar kwalba: a zuba ruwa mai tsabta zuwa sulusi ko rabi, a dunƙule auduga a tura ta da sauri har ta taɓa ruwan, yadda ba za a bar kumfar iska a baya ba. Fuskar audugar ta jiƙe amma kada ta riƙa ɗiga. Sai a cire audugar bakin tsohuwar kwalba, a haɗa bakunan biyu a naɗe da salatif, a huda 'yar ƙofar iska da allura. A lulluɓe sabuwar da takarda mai kauri ta yi duhu, a bar tsohuwar a fili. Su da kansu za su tashi. Da farko ma'aikaciya ɗaya za ta leƙa, ta shinshina audugar, ta koma. Can sai ki ga an fara jigilar tsutsotsi ɗaya bayan ɗaya, sarauniya kuma galibi sai an ja ta da baki kafin ta yarda. Wani gidan kwana biyu ya gama ƙaura, wani sai ya shafe makonni. Ki hana yaron ƙwanƙwasa kwalbar ko girgiza ta don su yi sauri. Baƙin da audugar ta yi kuwa, mafi yawa dattinsu ne da 'yar fumfuna, kuma suna iya zama da shi na ɗan lokaci. Fumfunar da ta yi gashi tana bazuwa zuwa inda tsutsotsi suke ita ce abin damuwa.

Sai abinci. Ki ɗauke su kamar mai buɗa baki: ruwa da dabino tukuna, tuwo sai an jima. Da sun fara zagayawa, a dama sukari kashi ɗaya cikin ruwa kashi uku, a ɗiga ɗigo guda wanda bai fi ƙwayar gero ba a kan 'yar takardar alminiyam, a tura bakin kwalbar. Idan ana tsoron nutsewa, a jiƙa 'yar auduga da shi a ba su. Tururuwar da ta gama girma ruwa-ruwa take sha, kuma zaƙi shi ne ƙarfinta. A lambu irin wannan tururuwa kiwon ƙwarin darɓa take yi, tana tatsar zaƙin da suke fitarwa, irin darɓar nan da manomanmu suka sani a ganyen dawa. Ki ce wa yaron ya samo gilashin ƙara girma ya kalli wadda ta fara sha. Zai ga bayanta na kumbura a hankali har wasu fararen zane-zane su bayyana tsakanin sulken jikinta. Tana gamawa ta koma ciki, ta haɗa baki da 'yar'uwarta ta ɗura mata, wannan ta ɗura wa waccan, har ya kai ga sarauniya. Tana da wani tumbi na ajiya daban da wanda take narkar da nata abincin. Shi ya sa ɗigo guda ke wadatar da gida mai ma'aikata 15.

Bayan kwana uku ko huɗu sai a kawo nama, domin da shi tsutsotsi ke girma, da shi kuma sarauniya ke yin ƙwai. Ƙaramin ƙudan 'ya'yan itace, ko guntun tsutsar dusa, ko cinyar gyare, duk ana samunsu a shagunan kayan dabbobin gida a Jamus. A sa su a firiza su daskare kafin a ba su, don ya kashe ƙananan ƙwarin da ke maƙale musu, masu iya komawa jikin tururuwa su addabe ta. Kada a kuskura a ba su ƙwaron da aka tsinta a mace a cikin gida, domin ba a san ko maganin feshi ne ya kashe shi ba, kuma yadda suke ɗura wa juna abinci haka guba za ta zagaye gidan duka. Sau biyu a mako ya isa. Abin da suka bari a kwashe shi washegari kafin ya ruɓe. Idan suka ƙi kula naman a karon farko, a bari sai bayan kwana biyu a sake gwadawa.

Game da ƙwai, kada ya zaci zai gan su gobe. Tsutsotsin da suka yi hunturu su za su fara ƙiba, su saƙa wa kansu kwanso mai launin ƙasa-ƙasa, su fito a matsayin ma'aikatan farko na bana. Sabon ƙwai kan biyo baya cikin mako ɗaya zuwa uku, fari ƙal, a manne da juna. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya kuma sai an yi mako shida zuwa takwas, gwargwadon ɗumin ɗakin. A wannan tsakanin leƙe sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Na san wannan ne zai fi yi wa ɗan shekara 12 wuya. Amma sarauniyar da ake yawan haska wa fitila ko ake jijjiga teburin da take kai takan tsorata ta cinye ƙwanta. Idan ya matsu, a naɗe kwalbar da jar leda mai shara-shara, ya riƙa kallo ta cikinta, domin jan haske bai cika damunsu ba. A kuma nisanta su da talabijin da injin wanki.

Yanzu babban gidan da ya saya. Ki lallashe shi ya ajiye, kuɗinsa bai faɗi ba, lokaci ne bai yi ba. Ma'aikata 15 ba za su iya riƙe gida mai ɗakuna da yawa ba. Za su takure a lungu guda, su mai da sauran ɗakunan juji, fumfuna ta kama, laimar da tsutsotsi ke bukata kuma ta ƙi tsayawa. Tururuwa ta fi samun natsuwa a matsattsen wuri. Abin da ya fi shi ne, bayan sun gama ƙaura, a kwantar da kwalbar a cikin ƙaramin akwatin roba, a rage bakinta da auduga a bar 'yar ƙofa, akwatin ya zama filin kiwonsu. A nan za a riƙa ajiye abinci, a nan kuma za su riƙa fito da shara da gawarwaki su tara a kusurwa guda, ya zo ya kwashe cikin sauƙi. A shafa hodar jarirai mai sinadarin talc a gewayen bakin akwatin ta ciki don kada su hau su fita, a riƙa sabunta ta. Sai ranar da kwalbar ta cika maƙil, ma'aikata sun haura 50 suna kwana a waje don rashin wuri, sannan a jona babban gidan da bututu a bar su su shiga da ƙafarsu. Juyewa da ƙarfi ba ya cikin tsarin ko kaɗan.

Ya kamata kuma ku sani, ke da mahaifinsa, cewa wannan kiwo na dogon zango ne. Gidan da ya samu kulawa kan kai ɗaruruwa a shekara ta biyu, ya kai dubbai daga baya. Wata sarauniyar wannan iri ta rayu shekara 28 da wata tara a hannun wani masanin ƙwari Bajamushe mai suna Hermann Appel. Dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta na wuyansa, ƙanƙantarta ba ta rage komai daga wannan haƙƙi. Idan kuma Allah Ya ƙaddara sarauniyar ba ta farka ba bayan mako guda a ɗumi, ma'aikatan ba za su iya samar da wata ba. A ci gaba da ciyar da su har su ƙare kwanansu.

Bari in ɗan juya ga masu karatu na gida, don kada wani yaro a Kano ko Damagaram ya karanta wannan ya jefa tururuwarsa cikin firij. Duk maganar barcin hunturu ta ƙasashen ƙanƙara ce. Tururuwarmu takan rage kai-kawo idan hunturu ya tsananta, amma digiri 5 na wata huɗu hallaka ta zai yi. Ko a Turai ma ba duka ake yi wa sanyi iri ɗaya ba. Messor barbarus ta kudancin Turai, 'yar'uwar tururuwarmu mai jan hatsi zuwa rami, sanyin digiri 12 zuwa 15 ya ishe ta, kuma tsaba ce abincinta. Manyan tururuwan itace na Camponotus kuwa nauyin barci gare su, sukan kwanta tamkar matattu, su ɗauki lokaci kafin su miƙe, don haka ba a saurin zubar da su. Kowane mai kiwo ya fara sanin irin da ke hannunsa. Mai neman sarauniya a gida ya jira farkon damina bayan ruwa ya sauka, ya ɗauki wadda ta riga ta karya fukafukanta tana yawo a ƙasa, kuma kada ya rikita ta da shinge, wanda shi na gara ne.

Abu na ƙarshe, Hajiya, idan kuna da niyyar zuwa gida hutun bazara. Kada yaron ya sa kwalbar a jaka, kada kuma ya ɗauko tururuwar gida ya shigo da ita Jamus. Hukumomi sun daina ɗaukar wannan da wasa. A watan Afrilun 2025 aka kama wasu samari biyu 'yan Beljiyam a Kenya da tururuwa kusan 5,000 cikin 'yan kwalabe da auduga, kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara guda. A Jamus ɗin ma jajayen tururuwan daji masu tara tsibin ganye doka ta kare su, ba a taɓa gidansu. Kafin ku tashi, a ajiye musu cikakkiyar kwalbar ruwa ta biyu a cikin akwatin, a rufe shi da murfi mai ƙananan hudoji, a kai shi wurin da rana ba ta kaiwa, sannan a samu maƙwabci ko abokin yaron da zai riƙa sa musu ruwan sukari da ɗan nama sau ɗaya a mako. A nuna masa girman ɗigon da idonsa kafin a ba shi amanar, domin wanda bai saba ba yakan cika hannu.