Murhun itace yana hayaƙi a Kanada

Malam, sannu da sanyi. Ka ce murhun ɗumama gidanka hayaƙi kawai yake tuƙawa, gilashin ƙofarsa ya yi baƙi ƙirin. Murhun ba shi da laifi, icenka ne ɗanye. Gungume ba ya bushewa da wuri sai an faskara shi. Ka faskara tun bazara, ka jera bisa katako kada ya taɓa ƙasa, ka rufe samansa kaɗai iska ta riƙa ratsawa. Icen oak, wani ice mai ƙarfi, mai taurin kai ne, yakan ci shekara 2 kafin ya bushe. Buga faskare guda biyu da juna: busasshe "ƙwal" yake yi, ɗanye "dum". A na'urar awon danshin ice, danshi kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari. Bututun hayaƙin kuma a share duk shekara, kwaltar da ke maƙale ciki tana kamawa da wuta.