Me ya sa ƙungiyar NFL ke sallamar ɗan wasa kwantiraginsa bai ƙare ba?

Malam, ka tambayi yadda ake sallamar ɗan wasa da sauran shekaru a kwantiraginsa. A NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), kuɗin da aka yi wa garanti ne kaɗai tabbas, sauran na takarda ne. Kowace ƙungiya kuma tana da iyakar albashi, dala miliyan 255.4 a 2024, kuma dole lissafinta ya sauko ƙasa da ita kafin kasuwar 'yan wasa ta buɗe a tsakiyar Maris, shi ya sa take sallamar wasu don rage lissafin.

Kada ka ɗauka sallama na goge nauyin. Da ƙungiyar Denver Broncos ta saki ɗan wasanta Russell Wilson a Maris 2024, dala miliyan 85 suka zauna a lissafinta, sai da ta raba su shekara biyu. Idan kwantiragi mai sarƙaƙiya ne, duba fashin baƙin masana irin na shafin intanet na Over The Cap.