Tambaya da Amsa: Drinkwater sunan gaske ne, ko laƙabin filin ƙwallo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni tela ne a Gusau, kuma muna da majalisa a teburin mai shayi kusa da gidan kallon ƙwallo na unguwarmu. Rannan hira ta kai mu kan shekarar da Leicester City ta ci kofin Firimiya, sai musu ya kaure a kan ɗan wasansu Danny Drinkwater. Wani ya ce ba sunansa ba ne, masu sharhi ne suka laƙaba masa don yawan shan ruwa a fili. Wani kuma ya rantse cewa kakanninsa Musulmi ne da suka ƙi giya. Ni dai ban taɓa jin wani Bature mai wannan suna ba sai shi. Don Allah a raba mana gardama: sunan gaske ne? Ina asalinsa? Kuma suna da yawa a Ingila?

Ɗanka, mai bibiyar wannan fili daga Gusau.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Wasiƙarka ta mayar da ni 2016. A shekarar wani ɗan ƙanena ya matsa sai na raka shi gidan kallo in ga ƙungiyar da kowa ke magana a kanta. Muka zauna a benci na uku, janareto na ruri a bayan langa-langa, fanka ɗaya tana juya zafi. Duk lokacin da ƙwallo ta faɗa ƙafar mai lamba 4, wato Drinkwater, sai wani yaro a bayana ya miƙe yana ihu: "Sha-ruwa, ba Vardy! Sha-ruwa, tura masa!" Ba wanda ya koya masa. Ya ji sunan, ya juya shi, ya kuwa zauna daram a bakin Bahaushe kamar nan aka raɗa shi. Tun ranar sunan bai fita raina ba.

Mai cewa masu sharhi ne suka laƙaba masa bai faɗi daidai ba. Sunan gidansu ne, da shi aka haife shi a Manchester a 1990. Ya taso a makarantar horar da yara ta Manchester United, ya koma Leicester a 2012, shi da N'Golo Kante suka riƙe tsakiya a kakar da suka ci kofi. Namu Ahmed Musa ya same shi a can da ya zo daga CSKA Moscow a Yulin 2016, Wilfred Ndidi ya biyo baya a Janairun 2017, kafin Chelsea ta sayi Drinkwater a kan fam miliyan 35. Sunan kuwa ya girmi ƙwallon kanta da ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarshen ƙarni na 13 akwai wani John Drinkewater a rubuce cikin kundin binciken da Sarki Edward na Ɗaya ya sa aka yi a kan filaye da haƙƙoƙin sarauta, a lardin Shropshire da ke iyaka da Wales. Ka ga an haura shekara 700 ke nan.

Kafin 1066, lokacin da Normawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila, talakan ƙasar suna ɗaya yake da shi. Manyan masu filaye ne suka fara gadar da suna na biyu ga 'ya'yansu, don a san wa ya gaji wace gona. A hankali abin ya gangaro ƙasa, a ƙarni na 13 da na 14. Abin da ya tura shi shi ne ƙarancin sunaye da yawan rubutun hukuma. A takardun harajin kai na 1377 zuwa 1381, kimanin namiji ɗaya cikin uku John yake amsawa, sauran kuma yawanci William, Thomas, Richard ko Robert. Magatakarda ya zo ƙauye da alƙalaminsa da fatar tunkiya, ya tarar da John goma sha. Dole ya tambaya, wane John? Mutanen gari su ce, ai John mai shan ruwa. Ya rubuta. Mutumin ya mutu, ɗansa ya gaji gona, ya gaji sunan da ke kan takarda.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurina, don da idona na ga irinsa. Ranar da na shiga makarantar kwana, mu uku ne a aji ɗaya masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Malamin da ke riƙe da rajista ya ɗaga kai, ya tambayi kowannenmu garinsu, ya rubuta a gaban sunan da jan biro. Bai ɗauki minti biyu ba. Yau ɗaya daga cikinmu jikokinsa da sunan wannan gari ake kiransu, alhali a Kaduna aka haife su, ba su taɓa kwana a can ba. Ta wannan hanya muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa. Bambancin kawai shi ne na Ingila ya daskare tun da daɗewa, musamman bayan 1538 da aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza.

Sunayen gidajen Turawan Ingila daga kafa huɗu suke fitowa: wurin zama, sunan uba, sana'a, da laƙabi. Smith maƙeri ne, Taylor kuwa abokin sana'arka ne, tela. Drinkwater laƙabi ne, kuma irin wanda ake ƙullawa da aikatau da abin da aka aikata: drink, sha, water, ruwa. Suna da 'yan'uwansa, kamar Shakespeare, girgiza-mashi, da Makepeace, mai shiga tsakani ya sasanta, da Doolittle, mai aiki kaɗan. Mu ma haka muke ƙira. Sarkin Kano Ibrahim Dabo har gobe Ci-gari ake masa kirari. Muna da sha-yabo da sha-wuya, muna da dafa-duka a tukunya da hana-sallah a ka. Shi ya sa yaron nan na gidan kallo bai sha wahala ba.

To amma me ya sa shan ruwa zai zama abin da za a san mutum da shi? Nan ne zancen yake, kuma nan nake so ka tsaya da ni.

A Ingila ta wancan zamani ba shayi, ba kofi. Sai wajen 1650 suka fara shiga ƙasar. Abin shan yau da kullum wata giya ce marar ƙarfi da ake yi da tsiron sha'ir ko wani hatsi, mata ke dafa ta a gida, kusan yadda ake dafa burkutu da dawa a wasu sassan ƙasar nan. Ba ta jimawa take tsami, don haka matar da ta dafa sai ta kafa sanda a ƙofar gida, maƙwabta su zo da tulunansu su saya kafin ta lalace. Manomi na sha a gona, ana ba masu girbi ita cikin ladan aiki, har gidajen ibada na Kirista suna dafa tasu. Ta zama abinci har hukuma ta sa mata doka tare da burodi wajen 1266, ta ɗaure farashinta da farashin hatsi: idan hatsi na da sauƙi, galan biyu a kwabo ɗaya na kuɗinsu a cikin birni, uku ko huɗu a ƙauye. Kada ka yarda da masu cewa ba sa shan ruwa sam. Suna sha, har birnin Landan ya ja ruwa da bututun dalma daga maɓuɓɓugan Tyburn zuwa tsakiyar kasuwa tun tsakiyar ƙarni na 13. Sai dai ruwa zalla, a idonsu, abin shan wanda ba shi da zaɓi ne.

Masana sunaye sun kawo fassara uku. Ta farko, matalauci ne wanda ko wannan giya mai arha ta fi ƙarfinsa, ko kuma marowaci mai kuɗi a ƙugu da ba ya iya saye. Ta biyu, mutum ne da ya ƙaurace mata da gangan. Ta uku, ba'a ce ta juyin suna, aka laƙaba wa mashayi ko mai gidan giya, kamar yadda za ka ji an kira wani ƙato Ƙarami, ko baƙi wuluk a ce masa Bature.

A ganina kuskure ne a nemi ɗaya a ce ita ce kaɗai. Laƙabi irin wannan yana iya tsira a ƙauyuka da dama da ba su san juna ba, kowanne da mutuminsa da dalilinsa. Hujjata ita ce sauran harsunan Turai sun haifi irinsa da kansu. Faransawa suna da Boileau, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci za su ji "sha ruwa" a ciki nan take. Wani Etienne Boileau shi ne ya riƙe birnin Paris a madadin Sarki Louis na Tara daga 1261. Italiyawa suna da Bevilacqua, Jamusawa suna da Trinkwasser. Duk inda giya ko ruwan inabi ya zama abin shan kowa, wanda ya tsaya a kan ruwa sai an nuna shi da yatsa.

Fassarar farko ce ta fi taɓa ni. Ka ƙiyasta mutum a bakin gona lokacin girbi, kowa ya buɗe gorarsa, shi kuwa ya gangara rafi ya ɗiba da hannu. Ba shi da gida na dutse, ba shi da muƙami, ko hatimi ba shi da shi. Abin da maƙwabta suka gani a jikinsa shi ne rashin da yake ciki, da shi suka kira shi, magatakarda ya rubuta. Gidajen sarauta da yawa na zamaninsa sun ƙare, sunayensu sun bi ruwa. Nasa kuwa har ya hau bayan riga a filin wasa, yara na kiransa a Gusau.

Shi kuma abokinka mai cewa kakanninsa Musulmi ne, na fahimci abin da ya ja shi, don kunnen Musulmi yana jin daɗin sunan. Amma ka faɗa masa a hankali cewa ba haka ba ne. Kalmomin biyu Ingilishi ne tsantsa, kuma a ƙauyukan Kirista sunan ya tsiro. Idan ma ƙauracewa ce don ibada, suna da tasu al'adar. Waliyyin mutanen Wales, David, wanda ya rayu a ƙarni na 6, da "mai shan ruwa" aka san shi, saboda shi da almajiransa burodi da ganye da ruwa suka tsaya a kai. Ƙungiyoyin yaƙi da shan giya kuwa sun zo daga baya ƙwarai. A 1832 ne Joseph Livesey da wasu mutum shida suka yi alkawarin barinta gaba ɗaya a garin Preston, lokacin sunan ya riga ya haura shekara 500. Ba ma bukatar jawo abin da ba namu ba mu ce namu ne, kuma rantsuwa a kan abin da mutum bai bincika ba tana da nauyi.

Batun yawa, kai ne ka fi kusa da gaskiya. Masu sunan Smith a Ingila da Wales sun haura rabin miliyan, kusan mutum ɗaya cikin ɗari. Masu Drinkwater 'yan dubbai ne, kuma sun fi taruwa a arewa maso yamma, a Lancashire da Cheshire, yankin da ya kewaye Manchester da Liverpool. Wato ɗan wasan nan a tsakiyar ƙasar sunansa aka haife shi. Mutumin Manchester ba zai ɗaga gira ba idan ya ji shi, amma a wasu sassan ƙasar sai a sa mai sunan ya maimaita.

Akwai ɗaya daga cikinsu da ya shafe ka, kai da kake wuni da yadi a hannu. Peter Drinkwater ya gina masaƙar auduga a Manchester a 1789, ya sa mata injin tururi na kamfanin Boulton da Watt, tana cikin na farko-farko a birnin. Shi ne ya ɗauki wani saurayi ɗan shekara 20 da 'yan kai, Robert Owen, ya damƙa masa ma'aikata kusan 500. Owen ɗin nan shi ne daga baya ya yi suna wajen fafutukar rage wa ma'aikata sa'o'in aiki da sa 'ya'yansu a makaranta. Wani kuma, John Elliot Drinkwater Bethune, ya buɗe makarantar 'yan mata a Kalkata ta Indiya a 1849, wadda ta zama kwalejin da ke ɗauke da sunan Bethune har yau. Ƙaura ta kai sunan Amurka da Ostireliya da Kanada, inda akwai ɗan ƙaramin ƙauye a lardin Saskatchewan da ake kira Drinkwater, don tunawa da Charles Drinkwater, sakataren kamfanin jirgin ƙasa da ya shimfiɗa dogo ta wurin.

Ka gai da mutanen majalisa, da mai shayin. Idan musu ya koma kan mai tsaron gidan Leicester na wancan lokaci, Schmeichel, wannan daga Denmark ya zo, sai ku rubuto daban.